Rimand, beli da “an sallame ka”: Kalmomin kotu da kan rikita iyalan waɗanda ake tuhuma a Katsina

A kotun majistare, shari’ar da iyali suka kwana suna zulluminta tana iya ƙarewa cikin minti biyar. Magatakarda ya kira lambar ƙara, a shigo da yaro, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya yi ’yan maganganu da Turanci, majistare ya sunkuya ya yi rubutu, ya ambaci wata rana, a kira ƙara ta gaba.

Sai an fito waje ake fara tambayar juna. Ɗaure shi aka yi ne? In ba ɗaure shi aka yi ba, me ya sa aka saka shi a motar gidan yari? An ce an ba da beli, to ina za a samo kuɗin da aka ambata?

Duk wanda ya taɓa raka wani kotu a birnin Katsina ya san wannan cirko-cirkon. Harshen Babbar Kotu da kotunan majistare Turanci ne, Turancin ma na lauyoyi, wanda ko mai digiri yakan tsaya sauraron fassara. A irin wannan duhun kai ne ’yan kan-ta-waye da ke shawagi a harabar kotu suke cin kasuwarsu. Wani kuma ya amsa laifin da bai fahimta ba, don yana ganin hakan ne zai mayar da shi gida da wuri.

Zargi daban, tuhuma daban

A bakin jama’a, da zarar ’yan sanda sun yi holin mutum a gaban ’yan jarida, ya zama ɓarawo ko Ƙauraye. A wajen doka kuwa matakai uku ne. Wanda ke hannun ’yan sanda sunansa wanda ake zargi. Idan aka kai shi kotu aka karanta masa laifi, ya zama wanda ake tuhuma. Ba a kiran sa mai laifi sai ranar da alƙali ya ce ya same shi da laifi. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukar sa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa.

Tun a caji ofis kundin ya ba shi wasu haƙƙoƙi da ba kowa ya san da su ba. Sashe na 35 ya ce yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya ce a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. A cikin birnin Katsina ba a maganar nisan kotu. Sai dai wannan wa’adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kuma a nan ne yawancin dogon zama yake farawa.

Akwai wasu abubuwa biyu da Dokar Gudanar da Shari’ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta ƙarara: kama wani a madadin wani, da kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wato ba a ɗauke uba don ɗa ya gudu, ba a tsare mata don a matsa wa miji ya fito. Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata haramcin kamun madadi. Dokar 2015 ɗin ta kotunan tarayya ce da na Abuja, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Katsina ma ta yi tata a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari.

Takardar da ake kira FIR

Wanda ya zauna a kotun majistare a Arewa zai yi ta jin haruffa uku: FIR. Rahoton farko ne da ’yan sanda suke rubutawa, mai ɗauke da sunan wanda ya kai ƙorafi, da abin da ake zargin an yi, da sashen dokar da aka ce an karya. Kalmar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso Katsina. Dokar Final Kod da dokar tsarin shari’ar laifuka da suka fara aiki a Jihar Arewa a 1960, an ɗauko su ne daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya. Shi ya sa mai kallon finafinan Indiya yake jin ’yan sandansu suna ambaton FIR, alhali lauyan Legas ya fi sabawa da takardar caji.

Bayan an karanta takardar, sai a tambayi wanda ke tsaye a akwaku ko ya fahimta, sannan ko ya amsa ko ya musanta. Wannan ita ce tambaya mafi tsada a duk shari’ar. Wanda ya ce “na aikata” a ƙaramin laifi, majistare na iya yanke masa hukunci nan take, ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Da yawa kan amsa ne saboda wani ya raɗa musu cewa tara kaɗan za a ci su a wuce wurin. Wani lokaci hakan ke faruwa. Abin da ba a gaya musu shi ne, daga ranar sunansu ya shiga cikin waɗanda kotu ta taɓa samu da laifi, kuma ana iya tuno da shi ranar neman aiki ko ranar wata shari’ar.

Wanda bai ji Turanci ba yana da haƙƙin a ba shi tafinta kyauta, in ji sashe na 36(6). Wanda ya yi shiru ya ƙi amsawa, ana rubuta masa cewa ya musanta. Idan kuma laifin na hukuncin kisa ne, ko da ya ce ya aikata, kotu za ta rubuta cewa ya musanta, ta buƙaci a kawo hujja.

Wani abin da kan ba masu ƙorafi mamaki shi ne, sunansu ba ya cikin sunan shari’ar. Za a ji an kira Kwamishinan ’Yan Sanda da wane, ko Gwamnatin Jiha da wane. Wanda aka ƙwace wa waya a Ƙofar Ƙaura shaida ne kawai, shari’ar ta hukuma ce. Don haka cewar da ya yi “na yafe” ba ta rufe magana ita kaɗai. A ƙananan laifuka kotu kan karɓi sulhu, amma a fashi da makami ko kisan kai, yafiyar wanda aka cuta ba ta isa ta tsayar da shari’a a Babbar Kotu ba.

Rimand: zaman da ba hukunci ba

Babu kalmar da ta fi wannan cinye shekarun mutane. Rimand na nufin kotu ta ba da ajiyar mutum a gidan gyaran hali kafin a gama shari’arsa, ko ma kafin a fara. Ba ɗauri ba ne, domin ba a same shi da laifin komai ba. Amma ƙofa ɗaya ake shiga, tuwo ɗaya ake ci.

Yadda abin ke faruwa shi ne: kotun majistare ba ta da hurumin sauraron manyan laifuka irin su kisan kai da fashi da makami. A Katsina, garkuwa da mutane da satar shanu ma sun shiga sahun laifukan da ke da hukuncin kisa tun gyaran dokar da aka yi a 2019. Idan ’yan sanda suka kawo wanda ake zargi da irin waɗannan, majistare ba zai tambaye shi ko ya amsa ko ya musanta ba. Zai ba da umarnin ajiye shi, a tura fayil Ma’aikatar Shari’a don lauyoyin gwamnati su ba da shawara: ko akwai hujjar da za a gurfanar da shi a Babbar Kotu, ko babu a sake shi.

A takarda, abu ne mai ma’ana. Kotun Ƙoli ma ta amince da halaccinsa a shari’ar Lufadeju da Johnson a 2007. Matsalar ita ce fayil ba shi da ƙafa. Yana iya kwana a ofishin ɗan sandan da ya yi bincike, a yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki, a manta. Shi kuwa mai fayil ana fito da shi duk bayan ’yan makonni, a ce ana jiran shawara, a ɗage, a mayar da shi. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali take fitarwa sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a Najeriya masu jiran shari’a ne. Sauya wa hukumar suna daga ta gidajen yari da aka yi a 2019 bai sauya wannan lissafin ba.

Dokar tarayya ta 2015 ta yi ƙoƙarin sa wa abin linzami. Ta ce umarnin ajiya na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, daga nan kuma sai hukuma ta zo ta bayyana dalilin da zai hana a saki mutumin. Abin da iyali za su riƙe a nan shi ne tambayoyi biyu da za su riƙa yi wa lauya: ina fayil yake yanzu, kuma yaushe aka tura shi? Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari’a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin irinsa. Haka nan Babban Jojin jiha yana da ikon zagaya gidajen gyaran hali ya saki waɗanda zamansu ya saɓa wa doka, ko waɗanda suka daɗe fiye da abin da za a ɗaure su da an same su da laifin.

Beli ba sayen kai ba ne

A ce majistare ya ba da belin wani matashi a kan Naira 500,000 da mutum biyu masu tsaya masa. Abin da uwa za ta fara yi shi ne lissafin abin da za a sayar: akuya, keken ɗinki, wataƙila fili. A mafi yawan lokuta ba a buƙatar ko sisi daga cikin wannan kuɗin a ranar. Alƙawari ne ake sa wa hannu, cewa idan yaron ya gudu, masu tsaya masa sun yarda a karɓi wannan adadin daga gare su. Akwai lokutan da kotu kan ce a ajiye kuɗi a hannunta, amma wannan sai alƙali ya faɗa da bakinsa, a ba da rasit, kuma ana mayar da kuɗin bayan an gama shari’a idan ba a saɓa sharaɗi ba. Duk wanda ya tari iyali a bakin ƙofa ya ce a ba shi kuɗin belin ya kai ciki, a tambaye shi rasit.

Belin ’yan sanda kuwa kyauta ne. An rubuta hakan a bangon caji ofis da yawa, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin rubutun bango da abin da ke faruwa a kanta. Duk da haka doka tana tare da wanda ya ƙi biya.

Nauyin gaske yana kan mai tsayawa. Mutane kan ɗauki abin kamar alfarmar zumunci, su ba da hoto da katin shaida da takardar gida, su koma harkokinsu. Ranar da wanda aka tsaya wa ya ƙi zuwa kotu, za a ba da warantin kamo shi, a kuma aika wa mai tsayawa sammaci ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ci shi kuɗin da ya sa wa hannu. In ya kasa biya, abin na iya kai shi ga ɗauri. Wanda ya ga alamar mutuminsa na shirin cika wandonsa da iska yana da damar zuwa kotu ya ce ya janye, kafin aski ya zo gaban goshi.

Mace tana iya tsaya wa mutum. Dokar 2015 ta faɗi haka a fili, duk da cewa har yanzu ana samun masu cewa a je a kawo namiji.

Abin da aka rubuta a caji ofis

Idan aka fara sauraron shari’a, nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai ya tabbatar da laifin har ya zama babu wani kokwanto mai ma’ana da ya rage. Kowane shaida da ya kira, lauyan wanda ake tuhuma zai yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi.

Sau da yawa babbar hujjar ita ce bayanin da mutum ya sa wa hannu ko ya dangwala wa yatsa a hannun ’yan sanda. Idan ya ce dukansa aka yi ya amsa, lokacin faɗa shi ne daidai sa’ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga kotu. A nan ne akan tsayar da babbar shari’a a yi wata ’yar ƙarama a cikinta, don a gano ko da son ransa ya yi bayanin. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma tun 2017 akwai dokar da ta mai da azabtarwa laifi mai zaman kansa. Wanda ya yi shiru aka karɓi takardar, sai daga baya ya ce an doke shi, ya wahalar da lauyansa.

Sallama iri biyu ce

Nan ma ana yawan yin murna da wuri. Idan shaidu suka daina zuwa, ko mai gabatar da ƙara ya yi ta neman a ɗage, alƙali na iya korar ƙarar ya sallami wanda ake tuhuma. Haka idan Kwamishinan Shari’a ya yi amfani da ikon da sashe na 211 ya ba shi ya janye ƙarar. A duka biyun mutum zai koma gida, amma ba a wanke shi ba. Ana iya sake kama shi gobe a kan wannan maganar.

Wanda aka sallama kuma aka wanke shi ne ya tsira, domin sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari’a a kan laifin, sai dai in wata kotu ta sama ce ta ba da umarni. Kalma ɗaya ce ta raba su a Turancin alƙali, kuma ya kamata iyali su tambayi lauya wacce aka faɗa kafin a fara rabon goro.

Idan kuwa an sami mutum da laifi, za a ba shi dama ya roƙi sassauci: ya faɗi cewa wannan ne karonsa na farko, yana da iyali, yana da tsofaffi. Roƙon ba ya goge laifi, yana iya rage hukunci. Sai a saurari abu uku a bakin alƙali. Ko akwai zaɓin biyan tara. Ko za a fara lissafin ɗaurin daga ranar da aka fara tsare shi. Idan kuma laifukan sun fi ɗaya, ko hukunce-hukuncen za su tafi tare ko ɗaya bayan ɗaya: shekara uku da shekara biyu suna iya zama uku, suna iya zama biyar.

A kotun Musulunci

A kotunan shari’ar Musulunci, waɗanda Katsina ta ba hurumin sauraron laifuka a farkon shekarun 2000, da Hausa ake magana, amma kalmomin fiƙihu ne. Haddi shi ne hukuncin da nassi ya ƙayyade. Ƙisasi ramuwa ce a kisa ko rauni, inda dangin mamaci suke da ikon yafewa ko karɓar diyya. Ta’aziri horo ne da aka bar wa alƙali ya auna a cikin iyakar doka. I’izari kuma ita ce tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa mutum kafin hukunci, ko yana da sauran hujja ko abin cewa. Sai shubuha, wato kokwanton da ke kawar da haddi.

Shari’ar da ta nuna nauyin waɗannan kalmomi a idon duniya, a birnin Katsina aka ƙare ta. A watan Maris na 2002 kotun shari’a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, ’yar ƙauyen Kurami, hukuncin rajamu, bayan ta haihu alhali aurenta ya mutu. Hujjar ita ce cikin da kuma iƙirarinta. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. Ta ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari’a ta Funtuwa, wadda ta tabbatar da hukuncin a watan Agustan shekarar.

Lauyoyinta, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari’a da ke Katsina. Ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai huɗu cikin biyar suka soke hukuncin. Daga cikin dalilansu akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a kotun farko, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu. Akwai cewa wanda ya yi iƙirari a laifin haddi yana da ikon janye shi. Akwai kuma batun kwantaccen ciki a mazhabar Malikiyya, wanda ya ba da damar jingina cikin ga tsohon mijinta. Ƙungiyoyin waje sun yi ta aika wasiƙu a lokacin, amma hujjojin da suka kuɓutar da ita daga cikin littattafan fiƙihu da dokar jihar aka ciro su.

Afil yana da wa’adi

Ɗaukaka ƙara, ko afil kamar yadda aka fi faɗa, ba sabuwar shari’a ba ce. Ba a cika kiran shaidu ba. Kotun sama tana duba abin da aka rubuta a ƙasa ne ta ga ko an yi kuskure. Tana iya soke hukunci, ko ta rage shi, ko ta tabbatar da shi, ko ta ce a koma a sake shari’ar daga farko a gaban wani alƙalin.

Daga kotun majistare ana zuwa Babbar Kotu, yawanci cikin kwana 30. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya kwana 90 ne a shari’ar laifi, daga can sai Kotun Ƙoli a Abuja. Wanda ya makara sai ya fara roƙon a ƙara masa lokaci, ya kuma kawo dalilin jinkirinsa. Shigar da afil shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar gidan gyaran hali, sai an nemi beli daban, kuma samunsa bayan hukunci ya fi wuya.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da kwafin hukuncin a hannu. Sashe na 36(7) ya ba wanda aka yi wa shari’a, ko wanda ya wakilta, haƙƙin karɓar kwafin cikin kwana bakwai da gama shari’ar. A ofishin rajistaran kotun da ta yanke hukuncin ake nema, kuma gara a nema a rubuce, a riƙe kwafin takardar neman mai ɗauke da hatimi da kwanan wata.